Furen Riɗi a Bidiyon Aper: Jinjina ga Malam Babandi

Tun kafin masu shara su gama da farfajiyar kotu za ka ga keke napep ta sauke shi a bakin ƙofa, da tsohuwar jakar fata a kafaɗa da ƙullin ƙosai a hannu. Malam Babandi ba mai doguwar gaisuwa ba ne. Zai ɗaga wa mai gadi hannu, ya zaga ta bayan ofisoshi, ya shige wani ɗaki da a da ma'ajiyar karyayyun kujeru ne. Taga ɗaya gare shi, ita ma ya toshe ta da kwali don kada haske ya bugi fuskar kwamfuta. Ƙosan nan kuwa sai ya cinye shi tas kafin ya kunna na'ura. Ya taɓa gaya mini cewa da zarar ya fara kallo, abinci ba ya ƙara wuce masa maƙogwaro sai bayan la'asar.

Ni sunana Ɗanladi, tafinta ne a wannan kotu ta garin Lafiya. A Doma na tashi cikin Tibi da Alago har na iya yarukansu, shi ya sa nake cin abinci da bakina. Na yi shekaru ina zama kusa da wannan bawan Allah, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Na san yadda za a yi: a sayo lemo, a ba shi agogon bango, wani mai babbar riga ya yi jawabi ya kasa faɗin sunansa daidai. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinsa shi ne duba duk wani hoto ko bidiyo ko murya da aka kawo kotu a matsayin shaida, ya gaya wa alƙali ko abin yana nan yadda aka ɗauke shi ko hannu ya shiga. Da gyaran rediyo ya fara a kasuwar Lafiya, aka ɗauke shi kula da lasifikar kotu, daga baya da wayoyi suka cika gari aka tura shi kwas ya koyo wannan fanni. Yana da tambaya ɗaya da yake yi wa kowa, ɗan sanda ne ko lauya: “Ina na asalin?” Har muka laƙaba masa ita, in ya wuce mu ce ga Ina-Na-Asalin nan, shi kuwa ko a jikinsa. Ba ya yarda da abin da aka turo ta Watsaf, domin a cewarsa duk turawa tana zubar da wani abu a hanya, har da ranar da aka ɗauka da wayar da ta ɗauka. In an kawo masa wayar kanta ba ya buɗe ta ya hau kallo. Sai ya fara kwafe abin da ke ciki a gaban shaidu, na'ura ta fitar masa da wata doguwar lamba wadda ke canjawa ko da ɗigo ɗaya aka taɓa, ya rufe wayar a leda, sannan ya yi aikinsa a kan kwafin.

Abin da yake kalla fa, ba wasan yara ba ne. Mu a zauren kotu sau ɗaya ake nuna mana, wasu su kau da kai, mata su rufe fuska da mayafi. Shi kuwa sai ya maimaita abin har ya haddace, yana tsayar da hoto daidai inda adda ta sauka, yana mayarwa baya, hedifon a kunne ya ƙure ƙara don ya ji ko akwai wata murya a bayan ihun. Mutanen da aka sare a gona, matar da aka ƙona wa ɗaki, ɓarawon da jama'a suka yi wa taron dangi a tasha, duk ta idonsa da kunnensa suka bi kafin su isa gaban alƙali. Na sha leƙawa in same shi ya cire tabarau ya dafe goshi, hoto a tsaye a gabansa. In na yi magana sai ya ce, “Fita, Ɗanladi, wannan ba naka ba ne.”

Shekarun baya an kawo bidiyon wani ɗan kasuwa yana dukan leburansa da sarƙar babur har ya karya masa ƙugu. Ɗan kasuwar maƙwabcin Malam Babandi ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Dattawan unguwa suka yi ta sintiri gidansa, wai ai yanzu komai ana haɗawa da kwamfuta, ya dai ce yana shakka, shi ke nan. Ya zo kotu ya ce bidiyon sahihi ne, ba a taɓa shi ba. Har yau akwai gidajen da ba sa aiko masa da goron suna. Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe shi a zuciya, saboda abin da aka ce da shi daga baya.

Shari'ar da ta sa na yi wannan rubutu ita ce ta Aper. Manomi ne, Batibe, a wani ƙauye bayan Doma. An same shi a gonarsa ta riɗi an sassare shi, ba kowa a wurin. Matarsa Doosuur ce ta tsinci wayarsa a cikin kunyar gonar, ƙasa ta rufe rabinta. Bayan an binne shi sai wani bidiyo ya bazu a wayoyin mutane. A farkonsa ga fuskar wani ɗan acaɓa ta cika hoto, yana nuna mai ɗaukar da yatsa, bakinsa na zazzaga masifa, sannan ya juya baya. Hoto ya ɗan dusashe, sai ga wani mutum cikin irin rigar 'yan acaɓan nan yana tahowa da adda, kansa a waje da hoto. Waya ta faɗi, sai sama da ƙafafu. Daga farko har ƙarshe waƙar coci ce ke tashi, ba a jin maganar kowa. Duk Doma an san fuskar: Sadisu ne, mai ɗaukar kaya daga ƙauyuka zuwa kasuwa. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi a hannun matasa. Aka tuhume shi da kisan kai, wanda hukuncinsa rataya ne, kuma bidiyon nan shi ne kaɗai shaidar da ke ɗaure shi.

Ni kaina da na gani na ce wannan ya gama yawo. Sadisu yana ta rantsuwa cewa sun yi faɗa da Aper, gaskiya ne, don ya ratsa masa gefen gona da babur, amma wannan tun da damina ne. Wa zai saurare shi? Duk wanda aka kama haka yake cewa. Ya daɗe a tsare kafin shari'ar ta zo kan shaidar bidiyo, alƙali ya ce a miƙa wa Malam Babandi.

Tambayarsa ta kullum ya yi. Aka kawo wayar Aper da memorinta, ya kwafa, ya duba, babu komai a ciki sai wani dogon bidiyon jana'iza da waƙoƙi, wanda daga ƙarshensa aka yanko gutsuren da ya bazu. Ya bi sawu har ya gano abin da ya faru. A wajen mutanen Aper ana haɗa wa mamaci bidiyo a nuna wa masu zaman makoki, a tura wa dangin da ke nesa. Yayan Aper ya karɓi wayar daga hannun Doosuur ya kai wa wani mai shagon tura waƙoƙi da finafinai a Doma, ya ce a haɗa duk abin da marigayin ya ɗauka, har da na ƙarshen, don duniya ta ga yadda aka yi masa. Na raka Malam shagon don in yi tafinta in da buƙata. Mai shagon bai ɓoye komai ba, shi a ganinsa alheri ya yi.

“Baba, ai na gyara musu ne,” in ji shi. “Na jera su ɗaya bayan ɗaya. Wancan na ƙarshen kuwa, wallahi sautin ba ya sauraruwa. Mutum yana kuka yana kiran suna. Ya za a yi matarsa ta ji wannan a gaban jama'a? Sai na cire na sa waƙa.”

Malam Babandi ya ce, “Wane suna yake kira?”

“Ban riƙe ba, Baba. Sau ɗaya na ji, na kashe.”

“Na asalin fa?”

“Memorin ƙarami ne. Na goge shi duka kafin sabon ya shiga.”

Ban taɓa ganin fuskar Malam ta yi irin wannan faɗawa ba. Bai zagi mutumin ba. Ya nemi izinin kotu aka ɗauko kwamfutar shagon, ya tarar ita ma an sha goge ta saboda finafinai. Ya koma kan memorin ya yi makonni yana tono, ko wani gutsure ya tsira a ƙarƙashin waƙoƙin. A wannan lokacin ne na fara lura in na yi masa magana ta hagu ba ya juyowa. Aper ya faɗi sunan wanda ya kashe shi, wayarsa ta ɗauka, kuma mutanen da suka fi kowa son sa suka shafe da hannunsu saboda tausayi. Babu abin da ya dawo.

Abin da ya rage shi ne hoton, shi kuma ya bi shi dalla-dalla. Ya ga inda aka yi haɗin, wurin da hoto ya dusashe. A rabin farko, ta bayan kafaɗar Sadisu, akwai wasu fararen ɗigo-ɗigo da a ƙaramar waya ba ka cewa komai ne. Da ya buɗa su sai ga furen riɗi, gona shar a tsaye. A rabi na biyu, daidai lokacin da waya ke faɗuwa, hoto ya share gefen gona kamar ƙiftawar ido, sai ga riɗi an yanke an ɗaɗɗaure, an jingine shi yana bushewa. Bai tsaya nan ba, ya hau mota har gonar, ya tsaya inda Aper ya tsaya, ya daidaita bishiyar ɗorawa da ke cikin rabin farko da na biyu, ya tabbatar gona ɗaya ce. Tsakanin fure da yanka kuwa kowane manomi ya san akwai fiye da wata guda.

Ranar da zai ba da shaida kotu ta cika har waje, dangin Aper gefe guda, 'yan acaɓa gefe guda, 'yan sanda a tsakani. Ya nuna komai a babban allo, a hankali, da muryarsa mai sanyi. Lauyan gwamnati ya miƙe, cikin ladabi ya ce, “Malam, kana gaya wa kotu wanda ake tuhuma bai aikata ba?”

“Ban ce ba, Barista. Ban san wanda ya kashe Aper ba. Abin da na sani, wannan ba bidiyon rana ɗaya ba ne. Fuskar da ke rabin farko ba ta fito a rabi na biyu ba. Rigar kuwa duk ɗan acaɓan Doma yana da irinta.”

“Zai iya yiwuwa shi ne a rabi na biyun?”

“Zai iya yiwuwa, zai iya yiwuwa wani ne. Bidiyon bai faɗa ba, ni ma ba zan faɗa masa ba.”

Ni ne nake juya wannan magana zuwa yaren Tibi, ina kallon Doosuur tana saurare. Ba ta yi kuka ba. Da aka tashi ta tsaya a bakin baranda har Malam ya fito, ta tare shi ta yi magana da yarenta, tana kallon tsakiyar idonsa. Ya juyo gare ni. Na ce, “Malam, mu tafi, zafin rai ne.” Ya ce, “Faɗa mini yadda ta faɗa, Ɗanladi. Kada ka rage komai.” Na faɗa masa. Ta ce mijinta ya riƙe waya yana mutuwa don a san wanda ya kashe shi, shi kuma ya zauna a ɗaki mai fanka ya watsar da wahalarsa don ya ceci ɗan'uwansa Musulmi. Ta ce Allah ya toshe kunnen da ya ƙi jin kukan mijinta.

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaya mata na nemi muryarsa iya ƙarfina, ban same ta ba. Ta yi haƙuri.” Na gaya mata, ta tofar da yawu a ƙasa ta wuce.

An sallami Sadisu. Kada mai karatu ya ɗauka an yi biki. Ya fito ƙashi da fata, mahaifiyarsa ta rasu yana ciki, babur ɗinsa an ƙone shi tun ranar da aka kama shi, Doma kuma ba ta shiguwa gare shi har gobe. Yanzu dakon doya yake yi a kasuwar Lafiya. Ya taɓa zuwa ya durƙusa a ƙofar ɗakin nan zai yi godiya, Malam ya ce masa, “Tashi, ban yi maka komai ba. Da na ga fuskarka a can, da na faɗa.” Wanda ya kashe Aper kuwa har yau yana yawo a cikin mutane. Malam ya sha zagi a wayoyi, an ce an saye shi, an ce addini ya bi, duk daga bakin waɗanda ba su san labarin maƙwabcinsa mai sarƙar babur ba. Kunnensa na hagu ya mutu, na dama ya bi sahu. Likita ya ce shekarun ƙure ƙara ne, mutanen gari suka ce bakin matar nan ne. Na taɓa kawo masa maganar, ya ce, “Bar ta, ai ba ta yi ƙarya ba. Ban ji shi ba.”

Kai ne, Malam Babandi, ka tsaya tsakanin igiya da wuyan mutumin da ba ka sani ba, kana sane da cewa gwauruwa za ta tsine maka, kuma ka san tana da dalilin tsinuwar. Kai ne ka ƙi ƙara wa hoto abin da bai faɗa ba, ko da garin duka yana so ka ƙara. Mai idon da ba ya karɓar lallashi, ka kwashi mutuwar mutane ka zuba a kanka don alƙali ya yi hukunci da abin da yake tabbas, ka koma gida kullum ba ka da wanda za ka gaya wa abin da ka gani.

A kakar riɗin bana aka sake kai hari wajen ƙauyen su Aper. Cikin waɗanda aka sara har da babban ɗan Doosuur, yana asibiti har yanzu, ba a san ko hannun zai tsira ba. Wata maƙwabciyarsu mai suna Dooshima ta ɗauki abin da wayarta daga cikin dawa inda ta ɓuya. Washegari da hantsi ina zaune a ɗakin Malam ina taya shi kwashe tarkacensa, sai inuwa ta tare ƙofa. Doosuur ce, ƙafafunta fal ƙurar hanya, ta rame har na so in kasa gane ta. Ba ta yi sallama ba. Ta kwance wani ƙulli na ɗankwali ta ajiye a kan tebur, waya ce a kashe. Ashe tun a gonar ta fizge ta daga hannun Dooshima kafin kowa ya tura wa kowa, ta hana dangi, ta hana har mai unguwa. Wannan karon ba ta nemi tafinta ba, da Hausarta ta kasuwa ta yi magana.

“Baba, wannan waya ba wanda ya taɓa shi. Ba a sa masa waƙa ba.” Ta dube shi. “Ni ban yafe maka ba. Amma kai ba ka gyara magana.”

Malam yana kallon bakinta, bai ji ko kalma ɗaya ba. Sai da na sunkuya na kai baki kunnensa na dama na maimaita da ƙarfi, har da rashin yafiyar, don na san ba zai so in rage ba. Ya gyaɗa kai. Bai taɓa wayar ba sai da ya sa aka kira ɗan sanda mai binciken, aka karɓe ta bisa ƙa'ida a gaban matar, sannan da umarnin kotu ya zo ya kwafa. Maganar tana gaban hukuma, ba zan faɗi abin da ke ciki ba. Abin da zan iya faɗa shi ne ranar da ya gama dubawa na same shi da hedifon a hannu, ba a kunne ba. Ya ce, “Ɗanladi, hoton zan iya tsaya masa. Akwai muryoyi a ciki, ina ganin tashinsu a allo, amma ba na jin su. Sai a nemo mai kunne.”

To, ga inda muke. A duk shekarun nan ba a turo ko mutum ɗaya ya zauna kusa da shi ya koya ba, ga shi yanzu na'ura tana iya ƙera muryar mutum da fuskarsa ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Ku matasanmu da kuka iya waya kamar a hannunku aka haife ta, ga aiki nan, ba shi da daɗi kuma ba a tafa wa mai yin sa, amma rayukan mutane na rataye da shi. Ku kuma jama'a, in Allah ya sa wayarku ta ɗauki wani mugun abu, ku yi irin na Doosuur: kada a tura a goge, kada a kai shago a gyara, kada a sa waƙa, a kashe ta a kai ta yadda take.

Malam Babandi, mun gode. Na rubuta ne don na san in na faɗa da baki ba za ka ji ba. Allah ya saka maka da alheri, ya wanke maka idanu daga abin da suka gani, ya ba ka barci mai daɗi. Ƙarshen wata za ka rufe ɗakin nan ka miƙa makulli. Wayar da Doosuur ta kawo tana cikin leda a ma'ajiyar kotu, ɗankwalinta a naɗe a gefe, da muryoyin waɗanda suka sare ɗanta a ciki, kuma har yau da nake wannan rubutu ba a sami wanda zai saurare su ba.